Likita ta ce in koma kalori 800 a rana, zan iya yi a gida da kaina?

Mai_Albasa_Mile12:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake saukewa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, gidana yana Agege wajen Zango. Shekarata 47. Satin da ya wuce na hau sikelin asibiti ya nuna kilo 128, tsayina kuma mita 1.70, likita ta danna waya ta ce BMI ɗina, wato awon nauyi a kan tsayi, ya haura 44, wai daga 40 zuwa sama ita ce ƙibar da suke cewa ta yi tsanani. Shekara uku ke nan da aka gano min ciwon suga, ina shan metfomin da Daonil, ga maganin hawan jini kala biyu, ɗaya na sa fitsari ne. Gwiwa kuwa ba a magana, na kusa shekara a kujerar roba nake sallah kuma abun nan yana ci min rai wlh, ka ga dattijon da ya haife ka yana sujada kai kana zaune kamar mai jiran canji. In zan shiga danfo kuɗin kujera biyu nake biya don kar a yi min surutu, uwargida kuma ta ce in ina barci numfashina ɗaukewa yake sai ta zungure ni sannan in ja shi da ƙarfi.

Toh likitar ta ce tana son sa ni a wani tsari na sati 12, a ajiye tuwo da shinkafa da burodi da komai, wani gari ne a ƙananan ledoji da ake damawa da ruwa, sau huɗu a rana, duka a haɗe wajen kalori 800, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, in riƙa zuwa ana gwada ni, bayan nan a dawo da abinci kaɗan kaɗan. Matsalar ita ce garin daga waje yake zuwa kuma kun san yadda dala take, ga kuɗin gwaje-gwaje, ga shi in ka bar Mile 12 da safe don zuwa asibiti to ranar ta tafi, motar kaya ba za ta jira ka ba.

Shi ne nake tunanin tunda dai magana ce ta rage ci me zai hana in yi abuna a gida, shayi ba suga da safe, kofin kunu da rana, da dare ɗan farfesun ganda tunda an ce ba ta da maiƙo. Sannan akwai wata a gurup ɗinmu na WhatsApp tana sayar da shayin rage teɓa ta ce kilo 10 cikin sati biyu. Wanda ya taɓa yi ko ya san abun ya taimaka min.

Bakano_a_Ikko:

Wa alaikumus salam. Alhaji kai ma da neman wahala, wane irin gari kuma, ka kama azumin Litinin da Alhamis ka rabu da burodin Agege da lemo ka ga ikon Allah. Mutane garin neman ƙiba suke samo rama, kai kuma ramar kake nema da kuɗinka hhhh. Allah ƙara lafiya.

Sista_Idi_Araba:

Alhaji sannu, Allah ya ba da lafiya. Ni nas ce, na daɗe a ɓangaren masu ciwon suga, kuma tun da na kai kan sunayen magungunanka gabana ya faɗi, don haka bari in fara da su kafin maganar kunu.

Daonil, wato gilbenkilamaid, aikinsa matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, babu ruwansa. Namiji baligi yakan buƙaci wajen kalori 2500 a rana, mai jikinka ma ya fi haka, to ka zo rana ɗaya ka yanke zuwa 800 kana ci gaba da haɗiyar ƙwayar nan, suga zai faɗo ƙasa da 70 a mitar gwada suga, sai gumi mai sanyi da karkarwa da ruɗewa, wani ya fara sambatu a ɗauka iska ce ta taɓa shi a kama yi mishi tofi alhali cokali uku na suga a ruwa yake buƙata. Ka ɗauka hakan ta same ka a tsakiyar kasuwa ana sauke buhuna, ko a kan gadar tsallake titi. Maganin hawan jinin ma haka, in mutum ya shiga wannan tsarin jini yakan sauka da wuri saboda ruwa da gishirin da jiki yake zubarwa a satin farko, in ba a rage magani ba kana miƙewa daga zaune jiri zai kwashe ka. Shi ya sa tun ranar farko likita ke zama ya ce wannan a tsayar, wannan a rage, wannan a ci gaba. Kusan rabin abun da ake nufi da kulawar likita ke nan, ba wai hawa sikeli kawai ba. Kuma dan Allah kar wannan maganar ta sa ka tsayar da magani da kanka, shi ma haɗari ne.

Sai garin. Mutane suna ganin kamar yaudara ce, madara ce kawai aka sa wa tsada. Gsky tsadar akwai ta, amma an auna shi ne yadda a cikin ɗan abun nan za ka samu furotin isasshe da bitamin da sinadarai irin su fotasiyam da maganiziyam na yini guda. In jiki bai samu furotin ba to ba kitse kaɗai zai ci ba, har tsokarka zai ci, kuma zuciya ma ai tsoka ce. Jadawalin da ka rubuto, kunu sitaci ne zalla, shayi ruwa ne, ganda kuwa ita ta fi ba ni tsoro don akwai tarihi a kanta. A Amurka wajen 1977 an yi yayin wani ruwan furotin na rage ƙiba da aka sarrafa daga fata da jijiyoyin dabbobi, wato dai dangin gandar nan, mutane suka bar abinci suka koma shi kaɗai wata da watanni, aka fara samun mace-mace, hukumomin lafiyarsu suka bi diddigin mutum 17 da ba su da wani ciwo mai kisa sai ƙiba, suka tarar bugun zuciyarsu ne ya rikice. Furotin ɗin fata bai cika ba, akwai abubuwan da jiki ke buƙata da babu a cikinsa. Bayan wannan ne aka gyara yadda ake haɗa irin garin, aka kuma matsa cewa sai da likita. Ka ci gandarka don marmari ban hana ba, amma ba ita za ta riƙe ka sati 12 ba.

Shayin matar gurup kuma, yawancin irinsu in ka duba filasko ne a ciki ko wani abu mai sa fitsari. Gudawa za ka yi ta yi, sikeli ya sauka ka ji daɗi, ruwa ne ya fita kitse yana nan inda yake, ga fotasiyam yana bin gudawar, kai kuma da ma kana kan maganin sa fitsari. Ko da lambar NAFDAC a jiki kai ba naka ba ne.

Kafin a fara ana duba ƙoda da hanta da sinadaran jini, sau da yawa har gwajin bugun zuciya, kuma ba kowa ake sa wa ba, mai ciki da mai shayarwa da yara an cire su, haka wanda bai daɗe da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai ciwon ƙoda ko hanta mai tsanani. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila cewa ta yi na ƙasa da kalori 800 ba na kowa da kowa ba ne, sai wanda akwai dalilin da ya sa ake son ya sauke nauyi da sauri kamar mai jiran aikin gwiwa, kuma kar a wuce sati 12.

Malam Bakano azumi alheri ne ba musu, amma mai shan Daonil ko azumin nafila sai ya tambayi likita tukuna.

Maman_Ilham:

Alhaji ni na yi, bari in ba ka labari yadda yake ba ƙari ba ragi.

Ni matsalar haihuwa ce ta kai ni, bayan Ilham shiru shekara shida, likitan mata ya ce sai na sauke kafin su yi min komai, lokacin ina kilo 117. Kwana huɗun farko wlh na ɗauka mutuwa zan yi, ciwon kai kamar ana sara min gatari, ga masifa, yarinya ta ajiye cokali da ƙarfi sai na hau ta da faɗa, kuma ni ce mai girkin gidan fa, in tsaya in soya miya in tuƙa tuwo in zuba wa kowa sannan in koma gefe da kofina mai ɗanɗanon banila. Rana ta biyar abun mamaki yunwar ta lafa, ba wai ta tafi duka ba amma ta daina cizo. Satin farko kilo huɗu suka tafi na kira 'yar uwata a Kaduna ina ihu, da na je asibiti likitan abinci ta ce Hajiya kwantar da hankalinki yawanci ruwa ne, daga yanzu kilo ɗaya zuwa biyu za ki riƙa gani a sati, haka kuwa aka yi.

Abubuwan da ba a faɗa maka a talla: sanyi. A Legas ɗin nan da kowa ke neman fanka ni da safa nake kwana. Warin baki, wani iri kamar na abun goge farce, asuwaki baya kashe shi, sai yawan shan ruwa, sun ce lita biyu zuwa sama kullum. Bayan gida sai in kwana uku, sai da aka ƙara min wani abu da ganye marar mai. Wajen wata na uku gashi ya fara zuba, in na taje sai in dunƙule shi a hannu in zauna ina kallo, mai kitsona ta ce Maman Ilham ko jinya kika yi, ya dawo daga baya amma na sha kuka.

A sati na tara ne wani ciwo ya turnuƙe ni cikin dare a ƙarƙashin haƙarƙarin dama yana harbawa har kafaɗa, ga amai, aka yi sikanin aka ga tsakuwa a madaciya. Yadda aka min bayani, in kitse yana narkewa da sauri hanta tana zuba kolestarol da yawa cikin ruwan madaciya, ita kuma madaciyar ba ta matsewa ta zubar tunda ba maiƙo a abincin, sai abun ya daskare. Da ma an gargaɗe ni tun farko an ce in na ji irin ciwon kar in tsaya shan maganin olsa, shi ya sa da asuba muka tafi. Da a gida nake yin abuna ni kaɗai da kanwa zan jiƙa in sha.

Na gama da kilo 99. Amma Alhaji in gaya maka gaskiya sati 12 ɗin nan su ne masu sauƙi, don ba ka da zaɓi, leda ce ka yaga ka dama. Wahalar tana ranar da aka ce to koma abinci. An ce in dawo da shi a hankali cikin wasu satuttuka, ci ɗaya a rana tukuna sauran gari, ni kuwa sai ga bikin ƙanwar maigida, kwana biyar ana shinkafa da waina da soyayyen nama, kowa na cewa haba ɗan wannan ai ba zai yi komai ba, dangi kuma ana ta ƙus ƙus wai na rame ko maigida ne baya kula da ni, har wata gwaggo ta ja ni ɗaki tana tambaya ko aure zai ƙara. Na daina zuwa asibiti don kunya, kafin shekara kilo 11 sun dawo. Yanzu na koma wajen likitan abincin muna bi a hankali. Don haka kafin ka biya kuɗin gari ko leda ɗaya ka tambaye su wane shiri suke da shi na bayan an gama, kuma ka zaunar da uwargida a yi maganar da ita, don ita ke riƙe da ludayi.

Abba_Famasi:

Sista ta gama magana, ɗan ƙari ne kawai don kar Alhaji ya tsorata ya gudu gaba ɗaya, don likitarsa ba da ka ta yi maganar ba.

Akwai binciken da ake kira DiRECT, Farfesa Roy Taylor na jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow suka jagoranta, ya fito a mujallar Lancet ƙarshen 2017. Sun ɗauki masu ciwon suga nau'i na biyu waɗanda ciwon bai wuce shekara shida ba kuma ba sa allurar insulin, aka sa rabi a kan irin wannan garin, kalori 825 zuwa 853 a rana na wata uku zuwa biyar, aka tsayar musu da maganin suga da na hawan jini tun ranar farko ana bibiyarsu. Bayan shekara ɗaya kashi 46 cikin ɗari sugansu ya koma ƙasa da ma'aunin ciwon ba tare da magani ba, a ɗaya rukunin da aka bari a kan jinyar da aka saba kashi 4 ne kacal. Waɗanda suka sauke kilo 15 zuwa sama kuwa kashi 86 ne. Bayanin Taylor shi ne kitsen da ya taru a hanta da fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, shi ke toshe aikin, in ya ragu sai gaɓar ta farfaɗo musamman in ciwon bai tsufa ba. Kan haka ne hukumar lafiyar Ingila NHS ta fara ba marasa lafiya tsarin tun 2020. Alhaji shekararka uku da ciwon, ka ga kana cikin irin waɗanda ake sa wa rai.

Amma a lura, lafawa aka ce ba warkewa ba, a shekara ta biyu adadin ya sauko kashi 36, waɗanda nauyi ya dawo musu suga ma ya dawo, daidai labarin Maman Ilham. Kuma kusan duk Turawa ne aka gwada, masu nas a unguwa da ke kiransu, ba masu fama da goslo daga Ketu zuwa Ikeja ba.

Maganar kuɗi kuma, ka faɗa wa likitar kai tsaye cewa garin ya fi ƙarfinka, ba abun kunya ba ne. Asibitocin koyarwa irin LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da sashen masana abinci, ana iya tsara maka da abincin kasuwa a kan kalori 1000 zuwa 1200, kifi, ƙwai, kaza ba fata, wake kaɗan, zogale, alayyahu, kuɓewa, saukar ba za ta yi saurin ta gari ba amma hanya ce. Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne mai da abun sha, cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja wajen kalori 120 ne, robar lemo ta 50cl kuma wajen 200, ka lissafa ludayin man da ake kwarawa a miya ɗaya.

Mai_Albasa_Mile12:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Sista wlh kin taɓo wani abu, watan jiya akwai ranar da ban karya ba na sha magani na fita, wajen sha ɗaya ina tsaye ana ƙirga buhu sai gumi ya wanke ni hannuna yana rawa, yarana suka zaunar da ni aka ba ni lemo na dawo daidai, ni duk a zatona zafin rana ne ban ma faɗa wa likita ba. Shayin matar nan da ma na riga na tura kuɗin rabi, ya tafi sadaka. Maman Ilham na karanta wa uwargida naki tana ta dariya wajen gwaggo, ta ce ita ma za ta bi ni asibitin ranar Alhamis. Abba lemon nan ina shan uku a rana in rana ta yi zafi, ban taɓa lissafawa ba.

Tambaya ɗaya ta rage, daga yau zuwa Alhamis in fara rage abincin ne ko in jira?

Sista_Idi_Araba:

Ka jira Alhaji. Ci abincinka a kan lokaci yadda ka saba, kar ka tsallake karin safe in ka sha magani, lemon ne kawai za ka iya mayarwa ruwa amma ka bar ɗan suga ko alewa a aljihu saboda irin ta watan jiya, kuma in ka ajiye lemon ka riƙa gwada suga safe da yamma kana rubutawa a takarda. Ranar Alhamis ka zuba duk magungunanka a leda ka tafi da su har na gargajiya in kana sha, kuma abu na farko da za ka faɗa mata shi ne labarin gumin nan, tun kafin a zo maganar gari.